Ranar Dawowa

Ƙarfe ɗaya na dare a Burela,
ruwa na dukan rufin ofishin masunta,
ni da kofin da ya huce da allo mai haske.
Aikin ba yawa, in ji Anxo Pazos yana saka rigar ruwa:
ki kwashe tsohon tebur ki juye a sabo,
kamar mai sauya wa kifi kwando.

Layi dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da takwas.
Kowane layi fitar mutum ɗaya ce zuwa teku:
suna, jirgi, ranar tashi, ranar dawowa.
Na rubuta wa manhaja umarni gajere:
ɗauko ɗaya, duba shi, ajiye can, koma.
Tsohuwar lamba kada ki tafi da ita,
sabon gida zai raɗa wa kowa tasa.
Sannan na ɗaure aikin da igiya guda:
ko duka su haye, ko kowa ya zauna.

Suka fara wucewa.
Ɗari, dubu, dubu uku,
sunaye a jere kamar tururuwa kan kara,
ban san fuskar ko ɗaya ba.
Na miƙe na buɗe taga, warin gishiri ya shigo.

A layi na dubu shida da ɗari biyu da sha bakwai
sai jan rubutu.
Sabon tebur ya ƙi karɓa:
wai wannan gurbi ba a barinsa wofi.
Igiya ta ja baya,
dubu shidan nan suka koma inda suka fito
kamar ba su taɓa ɗaga ƙafa ba.

Na buɗe layin.
Brais Outeiro, ɗan shekara ashirin da biyu,
ya tashi wata Talata cikin Nuwamba.
Ranar dawowa: ba komai.
Ba sifili ba, ba ɗigo ba. Babu.
Na tambayi tebur, su nawa ne haka?
Ya ce, talatin da bakwai.

Ni na zana sabon teburin nan da rana tsaka,
ni na ce dole kowa ya zo da ranar dawowarsa.
'Yar tudu ce ni, daga Lugo;
a gidanmu wanda ya fita da safe
ana ajiye masa abincin dare, kuma yakan ci.

Dabarar tana da araha, duk ɗan sana'armu ya san ta:
cusa ranar ƙarya a gurbin,
ɗaya ga Janairu, shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara,
inji ya yi shiru, kai ka je ka kwanta.
Yatsuna har sun kama hanya.

Sai na tuna akawun da ya fara rubuta wannan da tawada,
da matar da ta kwafe shi zuwa kwamfuta
shekara ashirin kafin ni.
Kowannensu ya iso nan, ya ɗaga hannu, ya tsallake.
Mutum biyu sun bar wa Brais ƙofa a buɗe.
Wace ce ni da zan dawo da shi gida
tun ba a haifi kakansa ba?

Na goge sharaɗin.
Kalma biyu ce kacal.
Na sake sakin igiya.

Wannan karon ban je taga ba.
Na zauna na ga dubu shida sun wuce,
na ga Brais ya haye da gurbinsa a hannu,
sauran talatin da shida a bayansa, a warwatse cikin jama'a.
Na ƙirga can, na ƙirga nan, suka yi daidai,
sannan na buga hatimi.

Da asuba injuna suka fara tari a bakin ruwa.
Anxo ya shigo yana karkaɗe lema:
an sami matsala?
Na ce, wani gurbi ne, na gyara.
Ya zauna, ya gyara tabarau,
ya shigar da jirgin farko na yau a sabon tebur:
suna, jirgi, ranar tashi.
Na huɗun bai ko kalle shi ba.